Baƙaƙen Japon da Tabarmar Inna

Shekarar da ruwa ya dawo mana bayan yunwar tsakiyar tamanin, aka turo masu haƙa rijiyar fanfo ƙauyenmu, can tsakanin Buza da Madawa. A cikinsu akwai wani ɗan Japon, gajere mai tabarau, wanda in zai gaishe ka sai ya sunkuya kamar ya yar da allura. Faransancinsa gurgu ne, Hausa kuwa "sannu" kaɗai ya riƙe, ita yake yi wa maigari, ita yake yi wa jaki. Ni ne na taɓa leƙa kwaleji a ƙauyen, ko da yake ban ƙare ba, don haka aka ce in yi masa tafinta. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, kuma ina jin kaina kamar ni na ƙago boko.

Kwana uku da fara aiki, muna hutun rana a inuwar kamyo, wato babbar motar aikin, ya buɗe kayensa yana rubutu. Na leƙa, na ga abu kamar kaji sun yi dambe a kan takarda, kuma daga sama yake gangarowa ƙasa. Na kira shi yadda ake kiran malam da Faransanci, na ce, "Mushe, wannan zane ne ko lissafi?" Ya ce wasiƙa ce yake yi wa mahaifiyarsa. Sai ya ja ƙasa da yatsa ya nuna mini cewa rubutunsu iri uku ne. Akwai hiragana mai lanƙwashe-lanƙwashe, akwai katakana mai tsinin kusurwa, akwai kuma kanji, wanda kowane baƙi ɗaya kalma ce sukutum, su kuma dubbai ne. Na ce ai mu ma uku gare mu a Adar: ajami, da boko, da rubutun Buzaye. Amma mu ba ma zuba su tukunya ɗaya. Ya ce su a layi guda suke haɗa duka ukun, ya nuna mini a wasiƙar, na riƙe baki.

Ranar nan ya zana mini baƙin da ke nufin itace. Ya ƙara wani kusa da shi, ya ce kurmi. Ya ɗora na uku a kansu, ya ce daji. Wallahi na tashi tsaye na zaga kamyon nan sau biyu ina tafa hannu. Wane irin mutane ne waɗannan, da za su tara itace su ce ka karanta? Daga nan hankalina ya tafi, bai dawo ba sai bayan wata huɗu.

Ba ƙasar da ban zana ba. In na tsuguna alwala sai na yi baƙi biyu da jiƙaƙƙen yatsa kafin in tashi. Gawayin madafa ya ƙare a hannuna, bangon rumbu ya cika, jakin babana ma na rubuta masa "dutse" a haƙarƙari saboda taurin kansa, ya yi kwana biyu yana yawo da shi. Malamin nawa kuwa ba ya raga mini. Kowane baƙi da ƙa'idar inda ake farawa da inda ake ɗaga hannu, ni kuma hannun allo ne da ni, daga dama nake tasowa. Ko na juya masa baya na rubuta, da ya duba sai ya ce, "A'a, wannan ƙafar ka fara yi kafin kai." Yadda yake ganewa har yau ban sani ba. Sau biyu na jefar da tsinken da nake zane da shi na yi fushi na ce rubutun aljanu ne, sau biyu kuma na dawo kafin la'asar.

Liman ya aiko a kira ni, na tafi ina zaton faɗa zai yi mini. Ashe tambaya ce da shi.

"Abin ga da kaka zanawa ko'ina, akwai sunan Allah ciki? Kada mutane su riƙa takawa."

Na ce babu, itace ne da ruwa da dutse. Ya ce in zana masa layi biyu ya gani. Da ya ga layin farko a dama yake, na biyu yana bi ta hagu, ya gyaɗa kai.

"To, sun san hannun dama. Mutanen kirki na."

Abin da ya haukata ƙauyen shi ne sunaye. Ɗan Japon ya ce sunan baƙo da katakana ake rubuta shi, gaɓa ɗaya baƙi ɗaya. Na haddace su arba'in da wani abu cikin mako biyu, na zauna ƙofar gidanmu na buɗe kasuwa. Mai tireda ya ce a rubuta masa a ƙyaure. Wani tsoho ya kawo sandarsa. Ƴammata suka riƙa miƙo tafin hannu suna ƙyalƙyala dariya, wata ta ce nata ya yi kama da kaza mai ƙafa ɗaya, a sake mata wani, na ce ba ni na raɗa mata ba. Nawa kuwa, mai gaɓa uku, na zana shi da gawayi manya-manya a bangon ɗakina, daidai bakin ƙofa, yadda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi.

To ga inda abin yake. Ni ɗan fari ne, kuma tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Haka ake yi, kowa ya sani, uwa ba ta kiran ɗan farinta, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu. In tuwo ya sauka sai ta ce wa ƙannena, "Ku ce ma wanku shi zo shi ci." Ina tsaye a gabanta ma haka take faɗa, tana duban murhu. In ba kowa a gidan sai ta ce "kai", ko ta yi gyaran murya. Na girma a haka ban ɗauke shi komai ba, sai da na ga ɗan Japon yana karanta amsar mahaifiyarsa. Ya nuna mini sunansa a kan takardar, da hannunta, sau huɗu a shafi ɗaya. Na yi dariya na ce tsohuwar ba ta da kunya. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Kishi ne na ji, ba wani abu ba.

Sai na ɗaura niyya: kafin a gama rijiyar nan sai Inna ta faɗi sunana, ko sau ɗaya.

Inna masaƙiyar tabarma ce. Da hantsi, in ta gama aikin gida, takan zauna gindin bedi da kabarta, fara da wadda ta rina ja da baƙi, yatsunta na tafiya ba ta ko dubawa. A nan na kafa mata tarko. Na share ƙasa a gabanta, na tara ƙannena huɗu, na ce yau kowa zai ga sunansa. Ita da kanta ta taya ni, ta ce, "Rubuta mani na auta in gani." Na rubuta, ta kira sunan auta tana dariya. Na yi na wanda auta ke bi, ta kira. Muka hau, muka hau, har kan ƙanwata da ke bi na. Sai na zana nawa, na ƙawata shi, na ce, "Inna, wanga hwa na wa?"

Ta dube shi ta dubi kabarta.

"Na mutane."

Yara suka fashe da dariya har auta ya faɗi. Ban daddara ba. Washegari na juya dabara, na ce zan koya mata karatu, baƙi ɗai-ɗai, ba suna ba ne, sauti ne kawai. Ta faɗi na farko. Ta faɗi na biyu. Na nuna na uku, sai ta ce, "Wai, na bar hura bisa rana," ta tashi abinta. Na sa ƙanwata ta yi kamar ta manta sunana ta tambaye ta, ta sha dundu. Na kwanta na yi ciwon ƙarya, ta aiko mini da jiƙon sabara mai ɗacin tsiya, ta ce a tsaya a kaina sai na shanye.

Ana cikin haka ruwa ya fito a rijiyar. Ranar an yi guɗa, an yi rawa cikin caɓi, ɗan Japon ya jiƙe sharkaf yana ta "sannu, sannu" wa kowa. Da yamma shugaban aikin ya ce za su wuce wajen Keita, akwai rijiyoyi da yawa can, kuma suna so in bi su. Shekara biyu, wataƙila fiye. Na yi tsalle na amsa tun kafin ya rufe baki. Sai a hanyar gida na tuna saura kwana tara, kuma Inna ta cinye ni a kowane zagaye.

Na gaya mata a tsakar gida. Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wanki Allah shi kiyaye hanya." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata shi ke nan, tun da haka take so. Kwanakin nan tara ban ƙara zama gindin bedi ba, sai in fita da sassafe in dawo da magariba, ina kumbure-kumbure, ina gaisuwa a taƙaice. Ko sunan da ke bangona na so in goge, ƙanwata ta ce in bari, wai yana yi wa gidan kyau.

Ranar tafiya da hantsi ɗan Japon ya ce sai ya shiga ya yi wa iyayena sallama. Ƙanwata ta fito da sabuwar tabarma ta shimfiɗa, ta ce, "Inna ta ce ta wanmu ta, shi tahi da ita." Na ce an gode, na zube a tsakiyarta ban ko duba ba, don har lokacin ina fushi. Babana na kan kujerarsa, Inna na bakin ƙofar ɗakinta ta ja mayafi. Baƙon ya tuɓe takalma, ya durƙusa a gefen tabarmar kamar yadda suke zama, ya sunkuya zai yi gaisuwa. Sai ya tsaya a sunkuye. Ya gyara tabarau. Ya ɗora yatsa a kan adon baƙar kaba da ya zagaye bakin tabarmar, ya buɗe baki ya kira sunana.

Na ce, "Na'am, Mushe."

Bai dube ni ba. Ya matsa da yatsa gaba, ya sake kira. Ya ja gwiwa ya ƙara matsawa, ya sake. Nan na duba ƙasa. Baƙaƙe uku ne, an saƙa su da baƙar kaba, sai jan ɗigo, sai su kuma, sai jan ɗigo, har suka zagaye tabarmar suka haɗe. Saƙa ta ɗan karkata su, shi ya sa in ba ka sani ba sai ka ce ado ne. Har ƙafar baƙi na uku, wadda kullum nake ja ta wuce ƙa'ida yana yi mini faɗa, tana nan da tsawonta, yadda take a bangon ɗakina.

Mutumin nan kuwa bai san abin da yake yi ba. Murna ta kama shi, ya bi bakin tabarmar da rarrafe yana karantawa da ƙarfi, yana zagaya ni, sunana na tashi a tsakar gidanmu sau bayan sau. Ƙannena suka kama ƙirga masa. Babana ya sa hannun riga ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Sau goma sha bakwai aka kira ni a gaban Inna ranar nan. Ya ɗago ya ce in tambaya masa wa ya rubuta wannan, hannun ya fi nawa kyau.

Ni tafinta ne, dole in faɗa. Na juya na ce, "Inna, wai wa ya rubuta?"

"Ni mi na sani da rubutu? Ado na."

Ta faɗa ɗaki ta saki labule. Ƙanwata ta raɗa mini cewa tun ranar da na ce zan tafi, da na fita sai Inna ta ɗauki kabarta ta koma bakin ƙofata, ta duba bango ta duba hannunta, ta warware ta sake, kuma ta ce duk wanda ya gaya mini sai ta yanke masa kunne.

Dariya nake yi, hawaye na zuba, na rasa wanne zan tsayar. Ɗan Japon ya ruɗe yana tambaya ko ya yi laifi, na ce a'a, Mushe, karatu ka yi. Direba ya danna oda a waje. Na naɗe tabarmar na rungume, na je bakin labulen na durƙusa na ce, "Inna, na tahi." Na miƙe na nufi waje. Na kai zaure ke nan na jiyo muryarta daga cikin ɗaki, tana yi wa ƙanwata magana da ƙarfi yadda zan ji.

"Ki ce ma wanki kada shi bar ta cikin rana. Baƙin ga ba shi son rana."