Buhun Tokar Inna Hajara

Jiya a Gusau ina tsaye bakin fili, ina kallo yaran sakandarenmu ta Bungudu suka ɗaga sabon kocinsu sama, kofin gasa a hannunsa. Na tafa, amma wallahi tafin bai kai zuci ba.

Shekara goma sha tara ina horar da 'yan ƙwallon makarantar nan. Ba mu da fenti, da toka nake shata layin fili, Inna Hajara mai dafa wa ɗalibai abinci take tara mini. Ban taɓa ɗauko kofi ba. Bara na yi ritaya, sabon kocin ya zo ya gaji yarana.

Wajen fita muka yi kiciɓis da Inna Hajara.

"Malam Isa, ba ka shiga hoton ba?"

"Wa ya kira ni, Inna?"

Ta ce, "Ni ma an daina nemana, fenti aka saya masa. Buhu uku na toka na tara, na kasa zubarwa."

Ashe mu biyu ne.

Ku gaya mini gaskiya, laifi ne in ji haushin kofin da na yi shekaru ina roƙar musu?