Simintin da Ya Raba Ruwan Albasa

Ko na bar aikin nan ba zan manta da ranar da aka tsaga mana kanal, wato magudanar ruwan noma, gida biyu ba. Lokacin ina malamin gona a wani kwari a yankin Tama, inda ake noman albasa da ruwan madatsa idan rani ya shiga.

Ga wanda bai san aikin ba, kanal ɗaya ne ke fitowa daga madatsar. Tun farko bi da bi ake yi: yau a saki ruwan duka ga gonakin gabas, gobe na yamma, don sai ya taho da ƙarfinsa yake kaiwa gonar ƙarshe. Ta ƙarshe a yamma kuwa ta Baba Illa ce, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda albasar nan ke riƙe gidansa idan hatsi ya ƙare.

Sai aka yi zaɓen shugaban ƙungiyar manoma. Na gabas suka ci, na yamma suka ƙi yarda, kowa ya shiga cewa ana satar masa ruwa a ranarsa. Aka kira taro. Sabon shugaba, Alhaji Mamman, ya miƙe da wata doguwar kalmar Faransanci da ya tsinto a Tawa, yana ta juya ta a baki kamar goro. Ma'anarta dai abu ya rabu reshe biyu. Nufinsa a gina siminti a tsakiyar kanal, kullum rabi gabas rabi yamma. Abin da ya ƙona mini rai shi ne na yamma ma tafi suka yi. Ranar kaɗai na ga bakinsu ya zo ɗaya.

Na ce musu rabin ruwa ƙasa za ta shanye shi a hanya. Alhaji ya yi dariya, ya kira ni yadda ake kiran ɗan boko a can, ya ce, "Mushe, mun gaji da hwaɗa. In anka raba, kowa shi ji da nashi."

Na kai maganar wurin shugabana a ofis, ya ce hukuncin ƙungiya ne, namu shawara kawai. Aka yi gayya aka gina. Har Baba Illa sai da aka sa ya jido yashi da jakinsa.

Ruwa ya riƙa mutuwa tun kafin ya hango gonarsa. Na ƙarshen gabas suna da injin ban-ruwa, ko a jikinsu. Shi kuwa tsohon ya koma ɗibar ruwa a jarka daidai lokacin da albasa ke sa kai, ganye na ta yin rawaya. Na koma wurin Alhaji har muka yi baram-baram. Ya ce in faɗa masa ko an sake faɗa tun da aka gina. Ba a sake ba, shi ya fi ba ni haushi.

Ranar da manyan motoci suka zo lodin albasa, Baba Illa ya ajiye mini kwano a gabana, albasa ce ƙanana kamar ɗan yatsa. Ya ce, "Ɗana, kai ka hwaɗi gaskiya. Amma gonag ga ruwa taka so." Kasuwa na zagayowa ya hau mota zuwa ci-rani, da furfurarsa da gwiwarsa.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani mutanenmu in sun gaji da rigima, kowane rabo karɓa suke yi, ba sa tambayar wa zai kwana a ciki. In aka ce za a raba ruwa daidai wa daida, ku taka har gonar ƙarshe ku duba daga can. Simintin na nan har yau ko tsagewa bai yi ba. A gonar Baba Illa kuwa jakai ake ɗaurewa.