Macijin Kawu Tajammul

Kawuna Tajammul tela ne a Karachi, amma in kana neman faɗa da shi, kira shi tela ranar Lahadi. Ranar yakan rataya kyamara ya nufi gidan adana tsofaffin jiragen sama, inda wani jirgin yaƙi mai buɗaɗɗen hanci ya sace masa zuciya. Hoto ɗaya tak yake so a duniya: jirgin shi kaɗai, babu ɗan Adam a gabansa.

To, ka san halin mutanenmu. Da sun ga an kafa kyamara sai su jeru, su murɗe gashin baki, su ɗora jariri a kan fiffike. Ya taɓa zuwa lokacin sallar Juma'a, wai maza sun tafi masallaci. Ya tarar mata sun shimfiɗa tabarmi a inuwar fikafikan suna rabon shinkafar biryani. Ga jam'i ya wuce shi, ga hoto babu. Matarsa Shagufta ta daɗe tana yi masa gorin wannan.

Da aka ce za a mayar da jirgin wani gari, sai hankalinsa ya tashi. Ya ja ni muka tafi, ya kafa kyamara, ya leƙa hancin jirgin, ya ja da baya ya kwarma ihu wai ya ga maciji. A lissafinsa kowa zai watse. Wai a Karachi! Har masu sayar da shayi a bakin ƙofa suka baro tukwanensu suka zo kallo, kowa da sandarsa.

Masu gadi suka kora jama'a baya, suka ja igiya, aka kirawo mai kamun macizai. Ni dai na ga jakarsa tana motsi tun kafin ya iso wurin jirgin. Mutum ba zai zo gaban wannan taro ya koma hannu banza ba. Ya zura hannu cikin hancin, ya yi 'yan surkullensa, ya zaro kumurci baƙi wuluk, ya yi gefe da shi, taron ya bi shi.

Sai ga jirgi shi kaɗai, rana ta haske shi tas.

Na ce, "Kawu, ɗauka mana! Macijin mutumin nan ne fa, da shi ya zo a jaka."

Ina! Mutumin da ya ƙirƙiro macijin da bakinsa, shi ne jikinsa ke ɓari. Ya ce, "Ɗan nan, a ramin can na sa kaina ɗazu." Haka ya danna, hannu na rawa. Na yi dariya har da hawaye, amma wallahi ya ba ni tausayi.

An tafi da jirgin a makon. Hoton yana nan rataye a shagonsa, sama da keken ɗinki, dishi-dishi kamar an ɗauke shi daga cikin ruwa. Duk wanda ya tambaya, Kawu ko ɗaga kai ba ya yi, sai ya ce jirgin ne ya motsa.