Tocila a Bakin Rijiya

Sana'ar gidanmu noma ce da damina, haƙar rijiya da rani. Mahaifinmu ya yi ta har gwiwoyinsa suka gaza, sai yayana ya karɓa, ni kuma na zama mai riƙe masa igiya. Shi ke shiga, ni ina bakin rijiya, in zura masa guga, in jawo laka, in zubar. Ya girme ni sosai, yana da mata da 'ya'ya uku, ni kuwa ban daɗe da yin aure ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Gozaki, kuma duk rijiyar da ta ƙafe a yankin, da wuya a yashe ta ba a neme mu ba.

Tun zamanin mahaifinmu da fitilar ƙwai ake aikin. Kafin mutum ya sa ƙafa, sai a kunna ta a ɗaura mata igiya a zura a hankali. Idan ta kai ƙasa da wutarta, sai a shiga, a rataye ta a bango a yi aiki da haskenta. Idan ta mutu a hanya, an san iskar ciki ta ɓaci, sai a karyo reshen darbejiya mai ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iskar ta sauya. Amma haskenta ba shi da ƙarfi, ga hayaƙi, ga zafi a wurin da dama mutum gumi yake yi. Yayana ya tsane ta. Kullum ya fito idanunsa jajur, yana tari.

Wata shekara, bayan mun sayar da auduga, ya ce in raka shi Funtua. Muka je shagon wani Alhaji Bayarabe kusa da tasha. A garin aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar tamu. Yayana ya ce tocila yake so, wadda za ta haska gindin rijiya daga sama.

Alhaji ya ce, "Malam, to ba irin ta zuwa masallaci kake nema ba."

Ya shiga ciki ya fito da guda uku ya jera a kan tebur. Biyu gajeru ne. Ta ukun doguwa ce ta farin ƙarfe, ta kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu, kanta kamar ƙaramin kwano. Batir shida take ci. Ya ja mu zuwa ɗakin ajiyar kayansa inda babu taga, ya rufe ƙofa, ya kunna su ɗaya bayan ɗaya yana haska bango.

"Kada ku kalli faɗin hasken," in ji shi. "Ku kalli tsakiyarsa. Duk wadda kuka ga baƙin rami a tsakiyar haskenta, ba za ta yi nisa ba."

Gajerun biyu suna da ramin. Da ya kunna doguwar ya murɗa kanta, sai hasken ya tsuke ya zama dunƙule guda, fari fat, har ina ganin tururuwa tana tafiya a jikin bango. Yayana ya karɓa ya girgiza ta kusa da kunnensa ya ji ko wani abu na kaɗawa a ciki, ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Sai ya yi dariya irin wadda ban cika ji daga gare shi ba. Ya saye ta, ya sa aka ƙara masa ƙwan tocila biyu na canji, aka naɗe a takarda. A mota ya rungume ta a cikin rigarsa har muka iso gida.

Ta canza mana aiki. Ina kwanciya rub da ciki a bakin rijiya in haska masa, yana ganin inda digarsa ke sauka, yana ganin tsagar bango kafin ta rufto. Ko guga ne ya faɗa wa matan unguwa a rijiya, mu ake kira. Da farko muna zura fitilar kafin ya shiga, kamar yadda muka gada. Daga baya kananzir ya yi wuya, sai an bi layi a gari kafin a samu, wanda aka samu kuma mata ke riƙewa. A rijiyoyin da muka sani, waɗanda ake ɗiba kullum, sai muka riƙa shiga haka nan. Rani ya wuce, wani ya zo, ba abin da ya faru.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ta bushe a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe tun kafin sanyi ya wuce. Aiki ya yi mana yawa. Wani dattijo daga wani ƙauye gaba da Gozaki ya aiko a yashe masa rijiyar gidansa. Yayana ya san ta, shi ya taɓa ƙara mata zurfi. Abin da ba mu sani ba shi ne tun da ta ƙafe aka rufe bakinta da tsohon ƙyaure da karan dawa saboda yara, ta yi watanni a haka. Da safiyar ranar aka buɗe ta, kafin mu iso.

Hantsi ne, rana ta fito sosai. Na haska ciki. Muka ga gindinta sarai: baƙar laka, ruɓaɓɓen ganye, da wani tsohon kwano.

Yayana ya ce, "Aikin yini ɗaya ne wannan."

Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya yi bisimilla ya fara sauka. Ni da ɗan dattijon muna sassauta masa. Da ya taka ƙasa ya kwance igiyar kamar yadda ya saba, don in ɗaura guga. Na jawo ta, na kwanta na haska shi. Ya ɗago kai, ya kare idonsa da hannu.

"Kawar da ita daga fuskata," in ji shi. Muryar ta fito a sanyaye.

Na karkatar da hasken zuwa ƙafafunsa. Ya sunkuya zai ɗauki kwanon nan, sai na ga ya dafa bango. Ya zauna a cikin lakar a hankali, kamar wanda ya gaji zai huta. Kansa ya langaɓe a kafaɗa.

"Yaya!" na kira. "Yaya, kama igiya!"

Na jefa masa igiyar ta faɗi a cinyarsa. Ina ganin hannunsa, yatsun suka motsa kaɗan, ba su kama ba. Na fara ɗaura ɗaya bakin igiyar a ƙuguna, sai dattijon ya riƙe ni ta baya. Tsoho ne, amma ban iya ƙwacewa ba, ga ɗansa ya danne mini kafaɗa.

"Ɗana, ka yi wa Allah," in ji shi. "Kana shiga, biyu za mu fitar."

Ihu ya tara mutane. Wata mata ta fito da fitila daga ɗaki, aka kunna aka zura. Ba ta kai rabi ba wutar ta yi ƙasa, ta mutu. Maza suka hau darbejiyar ƙofar gida suna karyo rassa, aka ɗaura a igiya ana zurawa ana jawowa, wasu na fifita bakin rijiyar da tabarma. Wani ya kawo ƙugiyar da ake ciro guga. Aka ce in haska.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Na kwanta a ƙasa mai zafi na riƙe tocilar da hannu biyu don kada ta yi rawa, mai ƙugiya yana lalube, ni ina gaya masa, dama, hagu, sauke. Komai ina gani. Ina ganin ƙirjinsa yana ɗagawa kaɗan kaɗan, ina ganin lakar da ta shafi gemunsa. Ƙugiyar ta kama wandonsa, aka ja, ya yage. Aka sake. Can na duba ƙirjin na ga ya daina ɗagawa. Ban gaya wa kowa ba, na ci gaba da cewa dama, hagu. Hasken ya fara komawa ja saboda batir ya yi sanyi, kafin ƙugiyar ta sami mazagin wandon ta riƙe. Da aka fito da shi an kusa kiran azahar.

An samo mota a kai shi asibiti Malumfashi, amma limamin garin ya dafa wuyansa, ya buɗe idonsa ya duba, ya girgiza kai. Sai motar ta kai mu gida. Mahaifinmu yana zaune a zaure da muka iso. Ya dubi abin da aka shimfiɗa, ya dube ni, bai tambaye ni komai ba, ranar ko bayanta. Kafin magariba mun rufe shi.

Bayan sadakar uku dattijon ya aiko da diga da guga da tocilar, an wanke su tas. Ban sake shiga aikin rijiya ba, na tsaya a gona. Tocilar dai na ci gaba da amfani da ita shekaru, ina duba awaki, ina duba rumbu, don ba mu da wata.

Matar yayana ta yi takaba a gidanmu. Ba ta yawan magana dama. Wata rana da la'asar na shiga kai wa yaran gero, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"An ce kai ka haska shi."

Na ce, "Ni ne."

"Ka ga fuskarsa?"

"Na gani."

"Ya sha wahala?"

Na ce mata ya zauna ne kamar mai hutawa, bai yi kuka ba, bai yi shure-shure ba. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar wakenta. Da ta fita takaba 'yan'uwanta suka zo daga Matazu suka tafi da ita da ƙaramar da ke goye. Manyan biyu suka zauna a hannuna, suka girma tare da nawa. Na farkon, da ya kawo ƙarfi, ya roƙe ni in koya masa haƙar rijiya. Na ce a'a, na kai shi Funtua koyon gyaran keke.