Lambar da Na Ɓoye wa Kaina

Shekarar da damina ta ƙi, soji kuma suka karɓi mulki, ina koyarwa a wata lakkol a unguwar Harobanda, ƙetaren kogi. Jin ana ta raɗe-raɗi a gari, sai na sa wa raina cewa wayata cike take da sirri, alhali ba kome cikinta sai lambobin danginmu na ƙauye wajen Tahoua. Na sa wa pus, ɗan katin nan na cikin waya, lambar sirri huɗu. Ban rubuta ko'ina ba, ina taƙama da kaina na malami.

Ran nan batir ya mutu. Da na sake kunnawa, waya ta nemi lamba. Na buga sau uku cikin gadara, ta kulle.

Na haye gada zuwa Babbar Kasuwa, wurin wani dattijo mai gyaran waya. Na ce ya buɗe katin ya karanto mini lambar.

Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakkol, ya ce, “Mushe, wannan ɗan ƙarfen da kake gani ƙwaƙwalwa gare shi. Ba ya faɗin lamba, i ko a'a kawai yake cewa. Kuskurenka ma shi yake ƙirgawa da kansa, ko ka sa shi a wata wayar yana tune. Ina babban katin da ka ɓalle shi daga jikinsa? Lambar ceto tana can.”

Na ce masa na jefar da shi tun ranar da na saya.

“To, je ofishin kamfani da katin shaidarka. Kada ka yi ta cinka, sau goma ya mutu.”

Na ga layin ofishin ya kai bakin titi, ga rana. Na zauna gindin bango na ce bari in gwada ɗaya tak. Kafin la'asar na cika goma cif.

Washegari an ba ni sabon pus da sabuwar lambar waya, amma lambobin dangi sun tafi da tsohon. Lokacin kuwa Inna na jiran labarin buhun hatsin da na yi mata alkawari. Sai tasha na je, na roƙi wani direba ya kai saƙo da baki.

Wata uku ina tattara lambobi ɗaya-ɗaya. Kawuna, da ya yi ta kira yana samu a kashe, ya gaya wa kowa cewa ɓuya na yi don kada a roƙe ni hatsi. Na yi masa bayanin katin sau biyu, har da zane a ƙasa. Ya saurara sarai, ya ce Allah ya kyauta.