Ranar da Na Ari Malamai Biyu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar Talatar da na ari malamai biyu ba. Ku da kuka shigo aikin koyarwar nan bana, da ku da kuke tunanin barinsa, ku saurara, don ban taɓa faɗin wannan a gaban jama'a ba sai yau da nake ajiye aiki.

Lokacin ina hedimastan firamare a wani ƙauye cikin ƙasar Gwiwa, shekara ta biyu da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Kuɗin man fetur ya shigo, an gina mana azuzuwa huɗu masu rufin kwano, yara sun cika su maƙil. Abin da babu shi ne malami. Duk wanda ya ɗan yi karatu, banki ko kamfani a Kano ya sa a gaba. Mu biyu ne rak: ni mai takardar malanta daraja ta biyu, sai Malam Idi, malamin wucin gadi, wato wanda aka ɗauka bai je kwalejin horon malamai ba. In mun shiga aji biyu, sauran biyun sai dai su yi ta maimaita baƙaƙe su kaɗai har a tashi.

Ƙa'ida ita ce, sau ɗaya a shekara sufeton makarantu yakan zo daga Kazaure, ya ƙirga yara, ya ƙirga malamai, ya rubuta rahoto. Da wannan rahoton ake raba sababbin malaman da suka fito daga kwaleji.

Da labarin zuwansa ya iso, mai gari ya aika aka kira ni.

"Hedimasta, babban baƙo zai zo, aji biyu ba malami. Haka zai same mu?"

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ai haka muke."

Ya ce, "A'a. Ana ta raɗe-raɗin makarantar da ta gaza za a haɗe ta da ta maƙwabta. Kada ka bari baƙo ya ga tsiraicinmu. Yadda ake aron tabarmi ranar suna, a aro malamai."

Ba na ɗora masa laifi. Shi bai san amfanin rahoto ba, ni na sani. Amma ina da ƙuruciya, ina son a rubuta cewa makarantata tana tafiya daidai. Na hau keke na je ƙauyen da ke gaba da mu, hedimastan can ya ba ni malamansa biyu na wuni ɗaya.

Sufeto ya zo a kan babur. Sabo ne a yankin, kuma a lokacin kusan kowane mako ana ɗaukar malaman wucin gadi, sunayensu ba sa isa ofis da wuri, don haka bai gane na aro ba ne. Ya leƙa azuzuwa huɗu, ya ga malamai huɗu. Da zai tafi ya juyo ya ce, "Hedimasta, akwai abin da kuke buƙata?"

Na ce, "Alli kawai, ranka ya daɗe."

Allin kuwa ya zo, kwali guda. Da aka raba malamai, makarantun Roni da na kewaye suka samu, mu ko ɗaya. Na tafi ofis na sami sufeton, na cire kunya na faɗa masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "An riga an tura kowa inda za shi. Malamai biyu na so in ba ka, Hedimasta. Kai ka ce ba ka so."

Kafin damina Malam Idi ya gaji, ya samu aikin masaƙa a Kano. Na rage ni kaɗai da azuzuwa huɗu. Iyaye suka ga yaransu na zuwa suna dawowa ba abin da ya ƙaru, suka mayar da su gona da kiwo. Sai bayan shekara uku aka turo mana malami.

Bayan shekara ashirin da wani abu, ina zaune a bakin wani asibiti, wani magidanci ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce sunansa Sale, shekara huɗu ya yi a makarantata. Ya miƙo mini takardar maganin 'yarsa da ke kwance, ya ce in karanta masa yadda za a ba ta. Na karanta. Yana ninke takardar ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta Malam, kun yi iyakar ƙoƙarinku. Mu ne kanmu bai ɗauki karatu ba."

Na bar shi ya tafi a kan haka, bai san labarin malaman aro ba. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Abin da na koya ke nan. A aikinmu, in aji ya zauna ba malami, ba a ganin ɓarnar a ranar. Sai yaran sun girma take bayyana, kuma kansu suke zargi. Har gobe ƙauyukanmu cike suke da irin waɗannan azuzuwa. Wanda zai iya tsayawa a gaban allo, ya zo ya tsaya. Wanda kuma aka tambaye shi abin da ya rasa, ya faɗa, ko da kunya za ta kashe shi.