Gammon matar Yaya

Ina gida wankan jego, a Tsohon Birnin Gwari, matar Yayana ta shigo mana da hantsi, hannunta na dama yana reto kamar ba nata ba. Shekarun yaƙin basasa ne. Bagwariya ce, 'yar wani ƙauye da aka tasa daga cikin gandun daji, danginta suka watse wajen Kakangi. Ba ta da gidan uba da za ta yi yaji, sai ta nufo gidan uwar wanda ya doke ta.

Da taɓarya ya yi. Yayana, ciki ɗaya, wanda ya goya ni! Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Inna ba ta yi salati ba, ba ta yi tambaya ba. Ta aika aka kira maɗori, ta ba ta ɗakinta, ta koma kwana da ni da jinjiri. Ƙashin ya kama, amma kafaɗar ta tafi ke nan. Ga wanda bai sani ba, matan Gwari ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, wai kai shi ke ɗauke da tunanin mutum, bai kamata a ƙara masa wani nauyi ba. Itace, doya, ruwa, duk abincinta a kafaɗar nan yake, kuma ita ce Yaya ya nufa.

Inna ta naɗa mata gammo da tsohon zane ta ce ta gwada irin namu. Ta karɓa hannu bibbiyu, ta yi godiya, ta rataye a ƙusa. Kullum sai ta gwada ɗaya kafaɗar, tulu ya zame. Ta fasa mana tuluna ba iyaka, Inna kuwa, mai faɗa a kan ludayi, ko uffan.

Da kaka Yaya ya zo biko. Bai zo shi kaɗai ba, munafuki, ya je Kakangi ya ɗauko ƙanin ubanta, tsoho mai farin gemu. Suka zauna a zaure, muna jin su ta bayan zana. Yaya bai ce ya tuba ba. Cewa ya yi macen da ba ta iya ɗaukar kaya wa zai ci da ita in ba miji ba, Inna ta tsufa, ni kuma zan koma ɗakina. Abin haushi, tsohon ya yarda. Ya ce shi ma ba shi da rumbun da zai riƙe ta, gara ta yi haƙuri ta koma.

Maganar rumbu kuwa gaskiya ce, Inna ma ta sani.

Matar Yaya ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗauka kayanta za ta haɗa. Sai ga ta da gammon nan, ya yi ƙura. Ta aza a ka, ta durƙusa gaban kwandon doyar da Inna za ta kai kasuwa.

"Ɗora mini," ta ce da ni.

Na ce ta bari, ƙanin ubanta na zaure, zai gani.

"Shi nake so ya gani. Ɗora."

Na ɗora. Wuyanta na rawa, hawaye na zuba, ta bi ta tsakiyar zaure ta fita. Tsohon ya rufe fuska da hannun riga. Sannan ya ɗauki sandarsa ya tafi bai yi wa Yaya sallama ba.

Ba ta koma ba. Alƙali ya raba auren, ta yi shekaru tana fataucin doya, har ta gina ɗakinta a bayan namu. Mata suna yaba ta, wai ta zama Bahaushiya. Ni ban taɓa iya faɗin haka ba. Duk ranar kasuwa ni ke ɗora mata, kuma ban taɓa duban idonta ba ina ɗorawa.